Kiwon Hawainiya a Sakkwato: Yadda Ake Haɗa Keji da Tsara Abincinta

Yawancin bayanan kiwon hawainiya da ke yawo a intanet mutanen Turai da Amurka ne suka rubuta su, kuma babbar damuwarsu ita ce yadda za su ɗumama dabbar. Wanda ya bi su sau da ƙafa a Sakkwato zai iya kashe tasa cikin mako guda. Mu a nan rana ba ta yi mana ƙaranci ba. Abin da ke kashe hawainiyar keji a garinmu zafi ne da ƙishirwa, sai yunwar rani idan ƙwari suka ɗauke, sai kuma maganin ƙwari. Duk abin da ke cikin wannan jagora a kan waɗannan huɗun aka gina shi.

Kafin ka kira kafinta

Ka fara sanin wace iri ce a hannunka. Hawainiya ta haura nau'i 200 a duniya, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska. Wadda yara ke tsinta a lambunan fadamar Kwalkwalawa da gefen gulbin Rima galibi ko dai hawainiyar Sahel ce, wadda masana ke kira Chamaeleo africanus, ko ta Senegal, wadda ta fi ta ƙanƙanta. Wadda aka fi kiwo a ƙasashen waje ita ce ta Yaman, mai dogon tozo a ka. Dukkansu na kan bishiya ne, kuma tsarin kejinsu kusan ɗaya ne.

Hawainiya ba ta da dafi. Tsoron da ake yi wa cizonta da yawunta gado ne kawai. Idan aka matsa mata takan buɗe baki ta yi huci, wani lokaci ta ciza, amma abin bai wuce a wanke da sabulu ba. Sai dai kamar sauran dangin ƙadangaru, kashinta na iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa zawo, don haka wanke hannu bayan taɓa keji dole ne, musamman ga yara.

Ba dabbar wasa ba ce. Ba ta son a riƙe ta, ba ta sabo irin na mussa ko tantabara, kuma ba ta zama da 'yar'uwarta. Keji ɗaya, hawainiya ɗaya. Idan ka haɗa biyu, mai ƙarfin za ta kame reshen sama, ɗayar ta yi duhu ta daina ci har ta mutu, ko da ba ka taɓa ganin sun yi faɗa ba. Wanda yake son dabbar da yara za su riƙa ɗauka, zomo ya fi masa.

Akwai kuma batun haƙƙi. Hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba, sananne ne a Bukhari da Muslim, kuma hawainiya ta fi kyanwa wuyar ciyarwa nesa ba kusa ba. Ta fuskar doka, wannan dangin yana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES, ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, ta sa wa ido, Nijeriya kuma tana cikin yarjejeniyar, saboda haka ba a ƙetare iyaka da ita sai da takardar izini. A gama keji tukuna, a tanadi abinci, sannan a kawo dabba.

Mataki na farko: keji

Tsayi ake nema, ba faɗi ba. Ga babbar hawainiya irin ta Sahel ko ta Yaman, ka sa a yi maka keji mai faɗin santimita 60, zurfin 60, tsayin 120. Ta Senegal za ta iya zama a mai 45 da 45 da 90. Idan kana da hali ka ƙara, ba ta ƙin fili.

Firam na katako ya fi na ƙarfe, domin ƙarfe yana ɗaukar zafi har ya ƙona tafin ƙafarta. Gefuna da sama duk raga za a sa. Kada ka yarda da akwatin gilashi irin na kifi: iska ba ta ratsa shi, zafi yana taruwa a ciki, kuma hawainiya tana ganin kanta a gilashin ta ɗauka abokiyar gaba ce ta wuni cikin fushi. Ragar taga ta sauro tana hana ƙwarin abinci gudu, amma tana iya fizge mata farce idan ta yawaita hawa, kuma fara da gyare suna huda ta roba. Abin da ya fi shi ne ragar waya mai ƙananan ramuka wadda aka lulluɓe da roba. Ka bi duk bakin waya da yatsa, inda ya soke ka a lanƙwasa shi waje. Ƙofa ta zama babba a gaba, da sakata mai kyau.

Ƙasan keji a bar shi fili. Kada a zuba yashi ko ɓuntu ko garin katako, domin harshenta mai danƙo ne, yana kwaso su tare da ƙwaro su toshe mata hanji. Farantin roba mai 'yan huji, da baho a ƙarƙashi don tarar ruwa, ya wadatar.

Ka ɗora kejin a kan tebur yadda reshen sama zai kai tsayin idonka ko ya ɗara. Dabba ce da ke jin aminci idan tana kallon duniya daga sama. Ƙafafun teburin a tsoma su cikin gwangwanaye masu ruwa saboda cinnaka da tururuwa.

Mataki na biyu: inda za a ajiye shi

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma amsarsa tana canzawa da lokacin shekara.

Hawainiya tana buƙatar wani sashe na hasken rana da ake kira UVB. Da shi fatarta ke haɗa bitamin D3, wanda ke ba jiki damar amfani da kalsiyam. Idan babu shi ƙasusuwa suna laushi, ƙafafu su karkace, muƙamuƙi ya yi taɓo-taɓo, harshe ya kasa harbi. Gilashin taga yana tare wannan hasken, don haka ajiye keji a bayan taga a rufe bai biya ba. Turawa sayen fitilarsa suke yi da tsada, kuma sai sun canza ta duk bayan wata 6 zuwa 12 domin ƙarfinta yana raguwa ko tana ci. Kai kana da shi kyauta. Ka nemi wuri a gabashin gida, ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana, inda hantsi zai taɓa kusurwa ɗaya ta saman kejin daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sannan inuwa ta rufe shi har yamma. Kusurwa ɗaya na ce. Kada rana ta taɓa mamaye kejin gaba ɗaya, dole a kowane lokaci a sami inda za ta gudu.

Ka sayi ma'aunin zafi mai nuna danshi, ka rataya shi a tsakiyar ganye. Abin da ake so shi ne wurin shan hantsi ya kai digiri 29 zuwa 32, cikin ganye ya tsaya tsakanin 24 da 28, dare kuma ya fi rana sanyi. Da zarar cikin inuwar kejin ya haura 35, an shiga haɗari.

Ka ga ke nan matsalar bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40. 'Yar'uwarta ta daji tana jurewa ne domin tana da zaɓi, takan nutsa cikin duhuwar ganye a gefen ruwa inda iska ke da sanyi. Ta keji sai abin da ka yi mata. A wannan lokacin, bayan ta sha hantsi na ɗan lokaci, ka mayar da kejin wuri mafi sanyi a gidan, ɗakin ƙasa mai kaurin bango ko zaure mai iska, ba ƙarƙashin rufin kwano marar silin ba. Ka jiƙa buhun algarara ka rataya a gefe biyu, ka bar biyu a buɗe. Da yake iskarmu busasshiya ce, ruwan da ke tashi daga buhun yana sauke zafi sosai, yadda randa ke sanyaya ruwa. Ka sake jiƙa shi da azahar da la'asar. Alamar zafi ya yi mata yawa ita ce ta yi fari fat, ta buɗe baki, ta sauko ƙasa. Idan ka ga haka kada ka jira: inuwa, da feshin ruwa mai ɗan sanyi, ba na ƙanƙara ba.

Hunturu nasa daban. Sanyin dare ba ya cutar da ita matuƙar za ta sami ɗumi da safe, amma iskar da ƙurar suna busar da ita. Ka rufe gefen da iska ke bugowa da tabarma ko leda. Ranar da hazo ya rufe rana, ƙwan fitila irin na da mai wat 40 ko 60, a saman raga daga waje, tazarar santimita 20 zuwa 30 daga reshe, zai ba ta ɗumi. Ƙwan zamani mai farin haske ba ya zafi, ba shi da amfani a nan. Da dare kuwa a kashe komai, duhu take so.

Da damina a kula kada ruwan sama ya yi ta dukanta ba mafaka, kuma kada keji ya zauna a jiƙe kullum.

Abu na ƙarshe game da wuri: nesa da madafa, nesa da turaren wuta, nesa da maganin sauro na kunnawa ko na fesawa. Ɗakin da aka yayyafa fiya-fiya kada ta kwana ko kusa da shi. Mussa da kaji da shirwa ko ba su kai gare ta ba, ganinsu kullum yana hana ta ci.

Mataki na uku: rassa da ganye

Keji marar ganye kurkuku ne. Ma'aunin shi ne, idan ka tsaya a gaba sai ka ɗan duba kafin ka gano inda take.

Ka samo rassa masu kaurin yatsa zuwa babban yatsa, waɗanda ƙafarta za ta iya zagayewa. Na gwaiba suna da kyau, haka na ceɗiya idan sun bushe ƙaronsu ya tafi. A wanke, a shanya a rana, a ɗaure su a gicciye da waya daga waje, hawa-hawa, wasu a kwance wasu a karkace. Reshen sama ya kasance aƙalla taƙi ɗaya ƙasa da rufi.

Sai shuka mai rai a tukunya. Masu sayar da furanni suna da fulawar hibiskus da kuma mai yaɗon nan mai ganye kamar zuciya da ake kira fotos, dukkansu sun dace. Hausawa da suka ce hawainiyarka ta kiyayi ramata sun san inda take son zama: rama da yakuwa dangin hibiskus ne, suna fita da sauri a tukunya kuma ba su da illa gare ta. Shukar da aka sayo a wanke ganyenta sosai a bar ta mako biyu a waje, ko an yi mata feshi. Bakin tukunya a rufe shi da duwatsun da suka fi ƙarfin bakinta. A guji tumfafiya da tinya da zaƙami da duk mai farin ƙaro da ba ka sani ba. Dogon yaro ma a bar shi a matsayin inuwa daga sama, kada a sa ganyensa a ciki, yana korar ƙwarin da za ta ci.

Mataki na huɗu: ruwa

Hawainiya ba ta gane ruwan da ke kwance a kwano. Raɓa da ɗigon ruwa a kan ganye take lasa. Mutane da yawa sun ajiye mata kofi cike da ruwa, ta mutu da ƙishirwa a gefensa.

Hanya biyu za ka haɗa. Ta farko feshi: sabuwar robar feshi wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba sai ruwa, ka fesa ganye minti biyu zuwa uku da sassafe, ka sake bayan magariba. A bazara da hunturu ka ƙara sau ɗaya ko biyu da rana. Ganyen za ka jiƙa, kada ka auna fuskarta. Takan ɗauki lokaci kafin ta fara lasa, shi ya sa feshin daƙiƙa goma ba ya aiki.

Ta biyu ɗigo. Ka huda gindin gorar ruwa da allura ka ɗora a saman raga yadda ɗigon zai sauka kan ganye kusa da reshen da take zama. Wanda ya fi wannan shi ne sabuwar igiyar ƙarin ruwa daga kemis, domin tana da abin daidaita gudu. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa ɗaya ko biyu, na tsawon awa guda da safe. Ruwan da kake sha shi za ka ba ta. A zubar da na baho kullum saboda sauro.

Kashinta ne zai gaya maka ko tana sha. Yana da sashe biyu, baƙi da fari. Idan farin ya fito fari ko da ɗan rawaya kaɗan, lafiya lau. Idan ya koma ruwan lemo ya yi tauri, ruwa ya yi mata kaɗan. Idanu da suka faɗa ciki alama ce abin ya yi nisa.

Mataki na biyar: abinci

Ƙwari masu rai ne babban abincinta, motsi ne ke jawo harshenta. Soyayyar farar kasuwa mai yaji taka ce, ba tata ba. Abincinta fara, gyare, shinge idan ya fito farkon damina, ƙananan malam-buɗe-littafi na dare, da tsutsar baƙin ƙudan nan da wasu masu kiwon kaji da kifi ke kiwo, wadda ke da kalsiyam da yawa. Ƙa'idar girma: kada faɗin ƙwaro ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunta. Babbar fara a cire mata ƙafafun baya masu ƙaya.

Abin da ba a ba ta: farar tumfafiya da duk fara mai ado da ja da rawaya mai wari, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, tsutsa mai gashi, kyankyason masai, ƙudan bola. Kuma kada ka kamo fara a gonar da ake feshi, ko ta albasa ko ta shinkafa ko ta wake. Ƙwaron da ya sha magani bai mutu ba tukuna shi ya fi saurin kamuwa, shi ne kuma zai kashe ta. Ka tambayi mai gona kafin ka shiga. Da asuba fara ba ta da kuzari, lokacin kamu ke nan.

Da damina da kaka abinci ba ya wuya. Rani ne jarrabawa, don haka ka fara kiwon gyare tun ana ruwa. Babban bokitin roba mai santsi, murfin raga, kiret ɗin ƙwai na kwali a jere a ciki don su ɓuya. Ka sa ƙaramin kwano da yashi mai danshi, a nan mata za su yi ƙwai. Bayan mako guda ka ciro kwanon ka sa a wani bokiti, ka kiyaye danshinsa, cikin mako biyu ƙanana za su fito. Zafinmu yana taimaka musu, amma su ma a inuwa.

Abin da ƙwaro ya ci shi hawainiya ta ci. Kwana ɗaya kafin ka miƙa su, ka ƙosar da su da ganyen zogale, karas, kabewa, da 'yar dusa. Sannan kalsiyam: idan ka sami garin da aka yi don irin waɗannan dabbobi, to. Idan babu, ka tafasa ɓawon ƙwai, ka shanya, ka daka ka tankaɗe har ya yi laushin fulawa. Ka zuba ɗan kaɗan a leda, ka jefa ƙwarin ka girgiza, su yi fari-fari kaɗan, ba su koma kamar an tsoma su a gari ba. Ana yin haka a yawancin ciyarwa. Wadda ke shan hantsi ba ta buƙatar ƙarin D3, yawansa ma illa ne. Garin bitamin na dabbobi masu rarrafe, idan akwai, sau biyu a wata ya isa.

Lokacin ci da safe ne, bayan ta sha ruwa ta ɗumama, domin sai da ɗumi take narkar da abinci. Ƙarama mai girma a ba ta kullum, ƙananan ƙwari gwargwadon abin da za ta cinye. Babba kuwa ƙwari 3 zuwa 5 ne, a tsallake kwana ɗaya. Ka ɗaura kofin roba mai zurfi a ƙasa da reshenta kaɗan ka zuba su, ta haka za ka san adadin da ta ci. Fara ɗaya ko biyu a sake su cikin ganye ta yi farauta. Da yamma ka kwashe gyaren da ya rage, yana gaigayar ta idan ta yi barci.

Mako biyu na farko, da abin da za ka sa wa ido

Ranar da ka kawo ta, ka sa ta a reshe ka rufe ƙofa ka ba ta wuri. Kada a tara yaran unguwa kallo. Kwana biyu ko uku ba ta ci ba ba abin tsoro ba ne, in dai tana sha. Wadda aka kamo daga daji kusan kullum tana da tsutsar ciki, kuma wahalar kamu tana ba tsutsar ƙarfi. Ka kai sabon kashinta a gwada, Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nan cikin gari. Kada ka ba ta maganin tsutsar awaki ko na kaji da ka, jikinta ƙarami ne. Idan mako biyu suka cika tana ƙin ci tana ramewa, shawarata ka mayar da ita daidai inda aka ɗauko ta tun tana da ƙarfin kama reshe. Wannan ga 'yar gida ne kawai, baƙuwa irin ta Yaman ba a sakinta a dajinmu.

Launinta labari yake ba ka. Ba kwaikwayon duk abin da ta taka take yi ba, zafi da haske da halin da take ciki ne ke juya shi. Duhu da safe a wurin hantsi neman ɗumi ne. Duhu wuni guda takura ce ko ciwo. Barci da rana, ko ido a rufe, kullum alamar ciwo ce. Kumfa a baki da ɗaga kai sama tana numfashi da ƙyar ciwon huhu ne, sai likita. Lokacin saɓa fatarta takan yi fari ta tsattsage, ka ƙara feshi, kada ka ɓare mata da hannu.

Idan mace ce akwai ƙarin aiki. Wadda aka kamo tana iya zuwa da ƙwai a ciki, ta Yaman kuma tana yin ƙwai ko ba namiji. In ka ga cikinta ya cika, ta rage ci, tana saukowa ƙasa tana zagaye, wurin haƙa take nema. Ka sa mata bokiti mai zurfin santimita 30 cike da yashi da ƙasa masu danshin da rami ba zai rufta ba, da reshe da zai kai ta ciki, ka rufe gaban keji da zane. Idan ta ga ana leƙenta takan bar ramin ta riƙe ƙwan, kuma hakan yana kashe ta. Bayan ta binne ta fito, a ba ta ruwa sosai da abinci mai kalsiyam.

Shara kuwa ba ta da yawa: a kwashe kashi da matattun ƙwari kullum, a wanke farantin ƙasa da kofin abinci da ruwan zafi duk mako, igiyar ɗigo kuma a canza ta idan ta fara kore a ciki. Idan dole sai ka ɗauke ta, kada ka cafko ta ta baya ko ka fizge ta daga reshe, farcenta da haƙarƙarinta ba su da ƙwari. Ka sa hannu ko sanda a ƙarƙashin haɓarta, ka ɗan taɓa ta ta baya, ka jira ta tako da kanta.